GDP ko HDI: wanne za a duba don a san halin da ƙasa take ciki?

Malam, tambayar da ka jefo mana a zaure ita ce: gwamnati ta ce tattalin arziki ya haɓaka, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta fito da jerinta ta ajiye mu can ƙasa-ƙasa, to wa ke faɗin gaskiya, kuma ci gaban da ake faɗa zai ɗore? Babu maƙaryaci a cikinsu. Abin da kowannensu yake aunawa ne ya bambanta: gwamnati GDP take dubawa, Majalisar kuma HDI, wato ma'aunin ci gaban ɗan Adam.

GDP shi ne jimillar kuɗin kayan da aka samar da ayyukan da aka yi a cikin ƙasa a shekara. Simon Kuznets, masanin tattalin arzikin da ya kai wa majalisar dokokin Amurka lissafin kuɗin shigar ƙasa a 1934, shi da kansa ya yi gargaɗin kada a ɗauki wannan adadi a matsayin ma'aunin jin daɗin jama'a. Amfaninsa shi ne sauri, duk wata uku ake fitar da shi, kuma da shi ake gane ko harkoki sun tsaya ko suna tafiya. Amma duk inda kuɗi ya gifta ƙirgawa yake yi, ba ya tambayar dalili. Ambaliya ta ci gada, kwangilar gyaranta ta shiga lissafi. Uwar da ta wuni tana girki da reno ba a rubuta mata ko kwabo, amma da za a ɗauki 'yar aiki a biya ta albashi don wannan aikin, sai a ce arziki ya ƙaru.

A Afrilun 2014 Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya ta sabunta lissafinta, ta mayar da shekarar da ake kwatance da ita daga 1990 zuwa 2010, aka ba harkar wayar salula da masana'antar finafinai nauyin da ya dace da su. Nan take GDP ya tashi daga wajen dala biliyan 270 zuwa wajen biliyan 510, Najeriya ta sha gaban Afirka ta Kudu. Gyaran daidai ne, tsohon lissafin ne ya tsufa. Sai dai ba wanda ya wayi gari ya tarar da ƙarin sisi a aljihunsa.

HDI kuwa daga mutum yake farawa. Mahbub ul Haq ɗan Pakistan ne ya tsara shi tare da Amartya Sen na Indiya, hukumar UNDP mai kula da raya ƙasashe a Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara wallafa shi a 1990. Abu uku yake haɗawa ya ba da maki tsakanin 0 da 1: shekarun da ake sa ran jariri zai rayu, shekarun karatu, da kuɗin shigar da zai faɗo wa kowane mutum in an raba daidai. Shi ya sa Ikwatoriyal Gini mai arzikin man fetur take zama a bayan Sri Lanka, duk da ta daɗe tana fin ta kuɗin shiga. In dole sai ɗaya zan ɗauka, HDI zan ɗauka, domin gwamnati na iya kumbura adadin kuɗi da hawan farashin mai, amma tsawon rai sai da asibiti da rigakafi da ruwa mai tsafta.

Shi ma yana da nasa ramin. Matsakaici yake bayarwa, ya zuba Legas da Sakkwato cikin lamba ɗaya. Kuma shekarun zaman aji yake ƙirgawa, bai damu ba ko yaron ya gama firamare bai iya karanta wasiƙa ba. Wanda ya fi tona bambancin da matsakaici ke ɓoyewa shi ne ma'aunin talauci ta fuskoki da dama, da ake bi gida-gida ana tambayar abinci, ruwan sha, makewayi, abin girki da zuwan yara makaranta. Rahoton Hukumar Ƙididdiga na Nuwamban 2022 ya ce mutum miliyan 133, kashi 63 cikin 100 na 'yan Najeriya, suna cikin irin wannan talauci. A Sakkwato kashi 91 ne, a Ondo kashi 27.

Sauran rabin tambayarka, wato ɗorewa, a nan su biyun duk sun gaza. Ba wanda ke faɗa maka ko riba ƙasa take ci ko uwar kuɗi. Nauru, wani ɗan tsibiri a tekun Fasifik mai faɗin murabba'in kilomita 21, a shekarun 1970 yana cikin ƙasashen da suka fi kowa kuɗin shiga a kan kowane mutum, albarkacin ma'adinin fosfet da ake yin takin zamani da shi. Aka yi ta haƙa har ya kusa ƙarewa, aka bar kusan kashi 80 cikin 100 na tsibirin ramuka da tsinin duwatsu, ba noma ba gini. Duk tsawon shekarun nan lissafi ci gaba yake nunawa.

An yi ƙoƙarin toshe wannan kafa. A 2020 UNDP ta fito da HDI da ake rage wa maki gwargwadon hayaƙin da ƙasa ke fitarwa da albarkatun da take cinyewa, sai ga ƙasashe fiye da 50 sun faɗo daga sahun farko, Kosta Rika kuwa ta haura da matakai fiye da 30. Bankin Duniya kuma yana da lissafin ajiyar ƙasa da ake cire wa darajar man da aka haƙa da dajin da aka sare, sannan a ƙara kuɗin da aka kashe a ilimi.

Wannan na ƙarshen ne zan ce ka sa wa ido a kan Nijar. A 2024 ta fara fitar da ɗanyen mai ta bututun da ya taso daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, tafiyar kusan kilomita 2,000. GDP zai nuna shi tun a shekarar farko. HDI, wanda ya ajiye Nijar ta 189 cikin 189 a rahoton 2020, ba zai motsa sosai ba sai yaran da kuɗin ya sa makaranta sun yi shekaru a aji.