Biza ɗaya ko daji ɗaya?

Ƙasashe maƙwabta da ke son haɗa kai kan yawon buɗe ido suna da hanya biyu: su sauƙaƙa wa baƙo shiga, ko su haɗu su kula da abin da ya kawo shi.

Ta farkon ita Kenya, Ruwanda da Uganda suka bi a 2014, da biza ɗaya ta dala 100 mai kwana 90. Baƙo ya huta da neman takarda uku, masu otal da direbobi su samu ciniki. Sai dai biza ba ta hana mafarauci harbin giwa.

Ta biyun ta fi wuya, amma ni ita na fi so. Dajin W-Arly-Pendjari ya ratsa Nijar, Burkina Faso da Benin, UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ta amince da shi a matsayin wurin gadon duniya guda a 2017. Giwa ba ta san iyaka ba. Garken da ya sha ruwa a Pendjari da ke Benin yau, gobe yana iya kwana a Arly da ke Burkina Faso. Dole masu gadi su riƙa sintiri tare, su zauna da makiyaya da manoman bakin daji. Aikin yana cin kuɗi, ga matsalar tsaro da ta rage baƙi ƙwarai, alhali a nan ne mafi yawan zakunan Afirka ta Yamma suka rage.