Zaɓen gwajin basira ga yaron da karatu yake ba wahala

Idan malamai suka ce yaro yana baya a aji, aka kuma ba iyaye shawarar a auna basirarsa, abin da ya kamata su fara tambaya kafin su biya kuɗi shi ne sunan gwajin da harshen da za a yi shi.

Gwajin basirar yara na WISC, wanda masanin halayyar ɗan'adam David Wechsler ya fitar a Amurka a 1949, shi ne ya fi zurfi ga 'yan shekara 6 zuwa 16. Ƙwararren masanin halayyar ɗan'adam ne yake gudanar da shi, yaro ɗaya a zama ɗaya na kimanin awa guda, kuma yana ware makin fahimtar magana daga na riƙe abu a ka da na saurin aiki, ta yadda za a gane takamaimai inda matsalar take. Sai dai wani sashensa ya dogara da sanin kalmomi, don haka yaron da ya tashi da Hausa a gida, aka yi masa tambayoyi da Turanci, makinsa kan iya faɗuwa saboda harshe kawai. Shi kansa maki 100 da ake kira matsakaici, daga sakamakon yaran ƙasar da aka daidaita gwajin a cikinta aka tsayar da shi.

Gwajin Raven na 1938 kuwa zane-zane ne guda 60, inda yaro yake zaɓen guntun da ya cike giɓin kowane zane, akwai kuma mai launi na ƙananan yara. Ya fi araha, harshe bai cika tasiri a cikinsa ba, amma maki ɗaya tak yake bayarwa, kuma sabo da takarda da fensir yana taimaka wa mai yin sa. A ganina shi ya fi dacewa a fara da shi ga yaron da Turancinsa bai nuna ba.

Gwajin Stanford-Binet yana da amfani musamman ga 'yan ƙasa da shekara 6, tunda yana farawa daga shekara 2. Gwaje-gwajen kyauta da ke intanet nishaɗi ne, kada a yanke wa yaro hukunci da su.

A tambayi bugun da za a yi amfani da shi, domin tsohon ma'auni yakan kumbura maki. Bugu na biyar na WISC ya fito a 2014. Kafin duk wannan, a kai yaron a duba idonsa da kunnensa.