Shari'a ko Alheri: da wanne za a fara?

Malaman makarantar Lahadi a nan Damagaram sun sha tambayata: sabon mai bi, da Shari'a, wato dokokin Allah na Tsohon Alkawari, za a fara masa ko da alheri?

Shari'a ta fi sauƙin koyarwa. Dokoki Goma na Fitowa 20 a Littafi Mai Tsarki, yaro ma sai ya haddace su. Ɗaukarsu ce wuya, don Yaƙub 2:10 ya nuna wanda ya karya ɗaya ya karya duka. Ƙarshenta wani ya fid da rai, wani ya kumbura da taƙama.

Alheri kuwa kyauta ne, Almasihu ya biya a gicciye. Haɗarin, mutum ya ji kyauta ya saki jiki. Manzo Bulus ya tsawata kan haka a wasiƙarsa, Romawa 6.

Mai ganin kansa wankakke, a buɗe masa Shari'a. Wanda laifinsa ya hana shi barci, a fara masa da alheri.