Cin Abinci a Boulevard World: Ɗanɗano Ya Biya, Cika Ciki Bai Biya Ba

Iyalin da suka taso daga Makka ko Jidda zuwa Riyad a lokacin sanyi don yara su ga Boulevard World, yawanci sun gama lissafin kuɗin jirgi, na masauki da na tikiti tun kafin su bar gida. Abinci ne ake bari a kan "in mun je ma gani". A nan kuwa aljihu yake hujewa, don tikitin shiga na yau da kullum ba ya ɗauke da ko kofin shayi. Duk abin da ya shiga baki, a wurin za a biya.

Wurin babban filin nishaɗi ne, yana unguwar Hittin a arewacin Riyad. An buɗe shi a 2022 cikin bikin Mausim Riyad, wanda hukumar nishaɗi ta ƙasa ta fara a 2019. An kasa filin sassa-sassa da sunan ƙasashe, a gefen wani babban tafki da aka haƙa: ga Maroko, ga Indiya, ga Sin, Japan, Italiya, Faransa, Meziko, daga baya aka ƙaro Masar, Sham, Turkiyya da wasu. Kowane sashe da gidajen abincinsa da rumfunansa. Idan dai a kan iri-iri ne, ba abin kushewa. Mutum zai ci kushari, wato haɗin shinkafa da taliya na Masarawa, a gindin dalar Masar, ya taka kaɗan ya sami biryani, ya zagaya ya sha shayin na'ana'a na Maroko. Tsabta ta yi, kuma babu fargabar haram da halal kamar yadda ake yi a irin waɗannan wurare a Turai. Matsalar ɗaya ce, ita ma ba ta wannan wuri kaɗai ba: abinci a cikin katangar filin wasa, ko'ina a duniya, ya fi na waje tsada, rabon kuma ya fi ƙanƙanta. Mai rumfa yana biyan haya mai nauyi na 'yan watanni, ya kuma san wanda ya shigo ba zai fita neman bufiya, wato ɗan shagon abinci mai araha, ba. Don haka hukuncinmu shi ne, a shiga don ɗanɗano, kada a shiga da yunwa.

Abin da ya sauƙaƙa lissafin shi ne lokacin buɗewa. Ba wurin safe ba ne. Sai wajen la'asar ake buɗe ƙofa, a kai tsakar dare ko a ɗan gota. Ke nan abinci ɗaya tak ke faɗowa a ciki, na dare. Karin kumallo da abincin rana duk a waje suke, a farashin gari. Wanda ya gane wannan ya rage rabin wahalarsa.

Saboda haka masauki ma yana cikin kasafin abinci. A kama shiƙƙa mafrusha, wato gidan haya mai kayan ɗaki, mai ɗan kicin, da firiji da butar lantarki, ta fi ɗakin otal da ba a iya dafa ko ƙwai. Daren da aka sauka, maigida ya leƙa babban kanti irin Panda ko Othaim ya yi sayayya sau ɗaya: katan ɗin ruwa, kiret ɗin ƙwai, laban (nono), cuku, ganyen shayi, sukari, madara, ayaba, dabino rabin kilo. Da safe a aiki babban yaro ya karɓo gurasar tamis mai zafi guda uku da ful, wato dafaffen wake, kwano biyu. Mutum shida za su ƙoshi. Uwargida kuma kada ta manta da ɗan ƙullin yajinta daga gida, don shatta, yajin ruwa na kwalba, ba ta kama ƙafar yajin ƙuli ba, kowa ya sani.

Abincin rana shi ne ginshiƙi, kuma lokacinsa ya fi yawansa muhimmanci. A ci shi tsakanin ƙarfe biyu da rabi zuwa uku da rabi, ba da azahar tsaye ba. Wanda ya ci ƙarfe ɗaya, kafin magariba yara sun fara jan rigarsa. A nemi gidan shinkafar mandi ko bukhari, a ce kaza ɗaya da rabi da shinkafarta, a ƙara shinkafa ɗaya zalla, da salatin tumatir mai yaji da laban. A shimfiɗa sufra a ƙasa, a juye tiren, tururi na tashi, kowa ya sa hannu har sai ƙaramin cikinsu ya fara tsince zabibi yana wasa da shi. Shinkafa da kaza suna riƙe ciki awa biyar zuwa shida. Sanwic da lemon kwalba ba sa kai awa biyu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ga lissafi na mutum shida, manya biyu da yara huɗu. Waɗannan alƙaluma iyaka ce da mai gida zai gindaya wa kansa, ba farashin wata rumfa ba, don farashi yana sauyawa daga shekara zuwa shekara:

Karin kumallo a masauki, riyal 40. Abincin rana a gari, riyal 100. Abincin dare a cikin fili, riyal 35 kowane kai, ya kama 210. Ƙananan abubuwa, wato ruwa, shayi, askirim da makamantansu, riyal 15 kowane kai, ya kama 90. Jimla 440. A ɗora kashi goma na ko-ta-kwana, a ce 485. Ranar da ba a shiga fili ba, abincin dare a gari bai kamata ya wuce 80 ba, ranar ta tsaya a 220. Tafiyar kwana uku da aka shiga fili sau biyu ta kama riyal 1,190. Ga mai lissafi da dala, riyal 3.75 ne dala ɗaya, kuma haka yake tun 1986, don haka kusan dala 317 ke nan.

Wannan riyal 210 ba za ta isa ba idan kowa ya riƙe nasa faranti a gidan abinci na zama, mai ma'aikaci a tsaye a kai. Tana isa ne idan aka bi rumfuna aka yi tarayya. Dabarar ita ce a sayi abu uku ko huɗu daga sassa daban-daban, a nemi ƙarin cokula, kowa ya taɓa. Ɗaya a ciki ya zama mai nauyi, irin kushari ko biryani ko gurasar manaƙish, don shi ne zai toshe ramin. Sauran su zama na marmari. Kada a saya wa yaro ɗan ƙasa da shekara bakwai nasa shi kaɗai. Fitilu da kiɗa sun ɗauke masa hankali, zai ci loma uku ya ture, sai a ga rabin kuɗin a kwandon shara. Kuma kada a gwada abin da ba a taɓa ci ba da faranti biyu. Taliyar Japan ko ta Sin da aka gani a TikTok tana iya zama ba ta bakinmu ba. A sayi ɗaya, in ta karɓu a ƙara.

Akwai wata hanya ta auna girman rabo kafin a biya. Tun 2019 hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya ta wajabta wa gidajen abinci rubuta adadin kalori a jikin menu. Ba don masu rage ƙiba kaɗai yake da amfani ba. Idan abu biyu farashinsu ɗaya, wannan an rubuta 350 wancan 800, to na biyun shi ne abinci, na farkon abin taɓawa ne. Hoton da ke kan allo yana ruɗi, lambar ba ta cika ruɗi ba. A nan ne kuma ake nuna abubuwan da ke tayar wa wasu da rashin lafiya, kamar gyaɗa, madara, ƙwai da riɗi. Mai yaron da jikinsa ba ya karɓar ɗayansu ya duba, ya kuma tambaya da baki.

Amma gaskiyar magana, ba abincin dare ke cinye kuɗin ba. Ƙananan nan ne. Ruwan da ake saya riyal ɗaya a baƙala, wato shagon unguwa, a ciki ya ninka. Ga masara mai man shanu a kofi, ga alawar auduga, ga kunafa, ga luƙaimat ana tsamo su daga mai ana yaryaɗa musu ruwan dabino, ƙamshin yana bin mutum har sashe na gaba. Daren Riyad a Disamba da Janairu yana sauka ƙasa da digiri goma, ga iska daga tafki, don haka wanda ya zo daga ɗumin Jidda da riga shara-shara zai dinga sayen shayin karak ba don ƙishi ba sai don ya ɗumama hannu. Rigar sanyi tana cikin kasafin abinci, ko da abin ya yi kama da wasa. Yi lissafi: mutum shida, tsayawa uku, riyal 15 kowace tsayawa, riyal 270 ta tafi ba wanda ya ce ya ci abinci. Lemon kwalba ma ba araha ba ne, tun da aka ɗora masa haraji na musamman a 2017.

Abin da ke ƙara rura wutar shi ne yadda ake biya. Kati ne ko waya, a ɗora a kan na'ura ta yi ƙara, shi ke nan. Hannu bai ƙirga komai ba, zuciya ba ta ji zafin fitar kuɗi ba. Maganinsa, a ware katin mada ɗaya, wato katin bankin Saudiyya, ko asusun waya ɗaya, a zuba kuɗin ciye-ciyen daren kaɗai, riyal 300 da ɗan ko-ta-kwana, mutum ɗaya ya riƙe. Idan Abba yana biya ta nan, Umma tana biya ta can, babban yaya ma yana da nasa a waya, ba mai sanin jimla sai an koma masauki. Kuɗin hawa lilo da sauran wasanni a ware shi daban, don su ma ana biyansu ne bayan kuɗin shiga, kuma in aka haɗa su a kati ɗaya, lilo zai cinye abincin dare tun kafin isha'i. Yara kuma a yi yarjejeniya da su tun a mota: kowa zaɓi ɗaya na zaƙi, bayan an ci abinci, ba kafin ba. Yaron da ya san yana da zaɓi ɗaya yakan zagaya yana nazari kamar mai sayen rago, ya daina roƙon duk abin da ya gani.

Kan guzuri: akwai binciken jaka a ƙofa, kuma ƙa'idar irin waɗannan wurare ita ce ba a shiga da abinci daga waje. Sharuɗɗan suna rubuce a manhajar Webook inda ake sayen tikiti, a karanta su kafin a cika kula da dambun nama da cincin a zo a bar su a bakin ƙofa. A duba batun fita da dawowa ma, kada wani ya ce bari ya je mota ya ɗauko abu. Guzurin a bar shi a mota ko a masauki, amfaninsa yana zuwa ƙarfe ɗayan dare. Mai jariri ta nuna madara da abincin jaririn a fili wurin bincike, kada ta cusa su a ƙasan jaka.

Lokacin cin abincin dare ma yana da tasiri a kan kuɗi. Bayan isha'i, daga takwas zuwa goma, layuka suna tsawo, kujeru suna ƙarewa. Iyalin da suka gaji suka rasa wurin zama su ne ke faɗawa gidan abinci mai tsada don kawai su sami kujera. A yi sallar magariba, a ci abinci wajen shida da rabi zuwa bakwai, sannan a koma wasa lokacin da kowa ke layin abinci. Daren Alhamis, Juma'a da Asabar sun fi cunkoso, tikitin ƙarshen mako ma ya fi tsada. Mai iko da lokacinsa ya zaɓi tsakiyar mako.

Idan an yi niyyar zama a babban gidan abinci sau ɗaya, to a yi shi da sani, a dare na ƙarshe, a ninka kasafin daren. A duba menu a bakin ƙofa kafin a zauna. Farashin da aka rubuta ya kamata ya haɗa da dariba, wato harajin VAT, wadda take kashi 15 tun watan Yulin 2020, kuma ma'aikatar kasuwanci ta hana ɗora kuɗin hidima a kan fatura, wato takardar kuɗin da za a biya. Ihsani ga ma'aikaci ganin dama ne. A karɓi fatura a karanta. Wanda ya ga abin da bai gane ba ya tambaya cikin lalama, in ta ƙi akwai lambar ƙorafi ta ma'aikatar, 1900. Ruwan da za a kawo tebur ma a tambayi irinsa, don na kwalbar gilashi da aka shigo da shi daga waje yana iya kamo farashin shawarma biyu a gari.

'Yan'uwa da suka zo Umara daga Najeriya ko Nijar suka biyo iyalai zuwa Riyad, kada su dogara da katin bankin gida. Yana da iyakar abin da zai kashe a waje, ga cajin canji, wani lokaci kuma ya ƙi a gaban layi. Ya fi sauƙi su ba mai masaukinsu riyal a hannu, shi ya dinga biya da mada.

Sai yunwar tsakar dare, wadda kusan kowa ke mantawa da ita. An yi tafiyar ƙasa awa shida, an fito, ana jiran Uber ko Careem cikin cunkoso, yara sun farka da yunwa sabuwa. A nan ake buɗe manhajar odar abinci irin HungerStation ko Jahez a yi odar da ba ta cikin lissafi, ga kuɗin kawowa. Tun da rana a dafa ƙwai shida a ajiye, a bar ragowar shinkafar mandi a firiji, da burodi da laban. In kuwa dole sai an saya, a tsaya a bufiya ko gidan shawarma a hanya, a ɗauki kuɗin daga riyal 45 ɗin nan ta ko-ta-kwana.