Gidan sauron PermaNet 2.0: yana tare ƙudan yashi ko sauro kawai?

'Yan uwa na Nima da Mamobi a Accra masu zuwa sarin doya a Nkwanta da Dambai, wannan bayani naku ne. Gyambon lishmaniya, wanda a Ghana aka fara ganinsa a yankin Ho a 1999, yanzu akwai shi a yankin Oti ma, inda Nkwanta da Dambai suke, kuma ƙudan yashi ne aka fi sani da yaɗa irin wannan cuta. Tsawonsa milimita 2 zuwa 3 ne, ba ya kuka kamar sauro, macen ce ke cizo, daga magariba zuwa asuba.

Gidan sauron PermaNet 2.0 na kamfanin Vestergaard ne, an jiƙa zarensa da maganin ƙwari mai suna deltamethrin, miligiram 55 a kowace murabba'in mita. Ramukan ragarsa don sauro aka yi su, ƙudan yashi zai iya kutsawa. Abin da ke kare mai barci shi ne maganin: ƙwaron sai ya sauka a kan raga kafin ya shiga, nan yake kwasar guba. Don haka ranar da maganin ya salance, amfanin ragar a kan ƙudan yashi ya ragu ƙwarai, ko da babu huji ko ɗaya.

Wajen wanki ne mutane ke ɓata gidan sauron. An yi shi ya jure wanki 20 cikin kamar shekara 3, amma da ruwan sanyi da sabulun sanda, ba bilic, ba dirza. A shanya a inuwa, rana tana cin maganin. Sabo kuwa a baza shi a inuwa awa 24 kafin a kwana ciki, in ba haka ba fuska ta yi ta zafi da ƙaiƙayi. A cusa gefensa ƙarƙashin katifa ko tabarma ta ko'ina, domin wannan ƙwaro kusa da ƙasa yake tsalle-tsallensa.

Aibinsa: mai siririn zare, wato mai lamba 75, saurin yagewa gare shi a jikin ƙusa, a nemi mai lamba 100 da ya fi kauri. Kuma ba ruwansa da hirar bayan isha'i a tsakar gida. Wannan sai doguwar riga da man shafawa mai sinadarin korar ƙwari na DEET kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari.

Ya cancanci a saka shi a jakar tafiya. Wanda ya dawo, bayan makonni ko watanni ya ga ƙurji marar zafi ya fashe, bakin gyambon ya yi tudu, ya je asibiti ya faɗi garin da ya kwana, don gyambon Buruli ma yana iya kama da shi.