Docker a kan M1: arm64 ko amd64?

Tun da Apple ta fito da M1, ƙwaƙwalwar sarrafawa (processor) ta kwamfutocinta, a 2020, mai Docker (manhajar da ke gudanar da wasu manhajoji a cikin ƙunshi da ake kira kwantena) a MacBook mai M1 hanya biyu gare shi. Ko ya ɗauko kwantenar da aka gina don arm64 (tsarin processor irin na M1), wadda ke gudu kai tsaye ba tare da cinye batir ba, ko ya tilasta ta amd64 (tsarin processor na Intel da AMD) da --platform linux/amd64, manhajar QEMU ko ta Rosetta su riƙa yi mata tafinta. A nan ake jan ƙafa, musamman da QEMU, wani sa'in ma manhajar ta tsaya cak.

Ni dai arm64 nake bi. Sai dai MySQL 5.7 na hukuma (manhajar adana bayanai) ba shi da kwantenar arm64, kuma idan sabarka Intel ce, gwaji da amd64 ya fi kusa da abin da za ka tarar can.