Dala 85 na biya a kan gem ɗin da ba su suka gina ba, ku yi hattara da 'yan kwashi-kwaraf

Jama'a, kwana huɗu ke nan ina rubuta wannan ina gogewa, kunya ce ke riƙe min hannu. Jiya da dare na ga mutanen da suka damfare ni da wani gem na kwamfuta sun buɗe sabon shafi da sabon suna, da hotunan nan dai, da alkawuran nan dai, har an fara taruwa ana yi musu sannu da aiki. Shi ne na ce a'a, gara a yi min dariya.

Dala 85 suka ci min. Dala 45, da dala 25, da dala 15. Na san wani zai ce ai ba wani kuɗi ba ne, an cuci wasu fiye da haka. Na ji. Amma ni na san yadda na tara su, kuma ba kuɗin ne kaɗai ke cin raina ba, yadda aka yi min ungulu da kan zabo ina kallo ne, har ina godiya.

Tun kafin a fara ce min sabon shiga, bari in faɗa: na fi shekara goma ina gem a kwamfuta. Lokacin da gem ɗin The Day Before ya fito ranar 7 ga Disamba 2023 a kan kusan dala 40, kamfanin kuma ya sanar da rufewa bayan kwana huɗu kacal, ina cikin masu yi wa waɗanda suka saya dariya. Na ce ta yaya mai hankali zai yi cinikin biri a sama don kawai ya ga bidiyon talla mai kyau? Ni ne na faɗi haka da bakina. Na san labarin kamfanin gem na Digital Homicide, waɗanda a 2016 suka kai masu amfani da Steam, babban shagon sayar da gem a intanet, mutum 100 ƙara suna neman dala miliyan 18 saboda an kushe wasanninsu, har aka kwashe kayansu daga shagon. Na san duk wannan. Ba jahilci ne ya kai ni ba.

Gem ɗin irin na neman tsira ne, a jefa ka cikin wani gari da ya zama kufai, ka nemi abinci da mai, ka gyara mota, ka haɗa kai da wasu ko ku yi faɗa. Ba zan kama sunansa ba, ba zan kama sunan masu shi ba, don sun riga sun sauya suna, kuma ba na son in ƙara musu talla. Shagon da na gan shi ma ba zan ambata ba, don ba su suka cuce ni ba. Duk mai so ya yi magana, zan ɗora hotunan allo: rasit ɗin, da hirarmu, da hoton da ya tona asirin. Suna nan, na adana su wuri uku.

Abin da ya kama ni ba bidiyon tallan ba ne. Bidiyon ya yi kyau, ruwan sama na sauka a kan gilashin mota, fitilun titi na ƙyaftawa, amma na saba ganin irinsa. Na shiga zaurensu na manhajar hira ta Discord ne da niyyar in kama su da ƙarya, wallahi da wannan niyyar na shiga. Na rubuta cewa ƙarar ruwan saman ba ta canzawa idan an shiga cikin mota, ya kamata ta dushe. Ko minti goma ba a yi ba wanda ya ce shi ne shugabansu ya amsa min. Ya kira sunan da nake amfani da shi. Ya ce na yi gaskiya, babu wanda ya lura da wannan sai ni, ya sa a jerin gyara. Ya ce su uku ne kawai, da rana suna wani aikin, da dare suke zama a kan gem ɗin, kuma irinmu masu lura ne ke ba su ƙarfi.

Babu wanda ya lura sai ni. Wannan maganar nake ta juyawa a kaina. Na karanta ta ya fi sau hamsin. Daga baya na gano ya rubuta wa aƙalla mutum shida irinta, kalma da kalma, sunan kawai yake canzawa. Amma a daren nan ji na yi kamar da ni ake gina gem ɗin. Ku gaya min, wa zai ji haka bai saki jiki ba?

Bayan mako biyu, ko uku ne, suka fito da abin da suka kira kunshin magoya baya na farko. Za a ba ka lambar buɗe gem ɗin kafin kowa, da mota ta musamman, da sunanka a jerin waɗanda suka taimaka. Amma ba a shagon za ka saya ba, a shafinsu ne, wai don shago yana cire kashi 30 cikin 100, su kuma ƙananan mutane ne. Maganar kashi 30 ɗin gaskiya ce, na san haka ake yi a manyan shaguna, shi ya sa ban yi tantama ba. Ƙaryarsu kullum a naɗe take cikin gaskiya. Da kati dala 55, da kirifto, wato kuɗin intanet, dala 45. Na zauna ina kallon lambobin nan biyu. Na san idan da kati ne akwai hanyar ƙorafi a banki, na san kirifto in ya tafi ya tafi. Na sani. Amma na ce mutumin da ya amsa min a minti goma ba zai gudu ba, na zaɓi 45 don in tsira da dala 10. Dala 10! Don dala 10 na rufe wa kaina ƙofa da hannuna.

A'a, tsaya, na tsallake wani abu. Kafin in biya sai da na duba sharhin mutane a wani ƙaramin gem da suka ce sun taɓa fitarwa. Yawanci yabo ne. Ban buɗe asusun masu yabon ba, kuskurena ke nan, na yarda. Da na buɗe daga baya, kusan kowanne gem ɗaya ne tak a cikinsa, ya buga minti goma sha biyu ko ashirin, ya rubuta layi ɗaya, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. To amma wa ke bin asusun mutane ɗaya bayan ɗaya kafin ya sayi wasa? Na duba abin da mai hankali ke dubawa.

Dala 25 ɗin ita ta fi yi min ciwo, don ba ni kaɗai ta shafa ba. Ranar da gem ɗin ya fito a matsayin wanda ba a kammala ba, na saya wa ƙanena kyauta a shagon don mu buga tare. Na yi wata guda ina cika masa baki. Ya ce, “Yaya, ka tabbata? Hotunan nan kamar na taɓa ganinsu a wani wuri.” Na ce masa ya yi min shiru, yaushe ya fara gem da zai koya min. Haka na ce masa.

Ga dabarar da nake so kowa ya gane, don a nan suka nuna ba yau suka fara ba. Ƙa'idar mayar da kuɗi a shagunan Steam da Epic iri ɗaya ce: cikin kwana 14 da saye, kuma kada lokacin wasanka ya kai awa 2. Su ma sun san wannan sarai. Da ka buɗe gem ɗin, sai a sa ka a layin jiran shiga, lamba na sauka a hankali, minti arba'in, hamsin, kuma agogon shago yana ƙirga wannan a matsayin wasa tunda gem ɗin a buɗe yake. Ka shiga, sai tsara fuskar ɗan wasanka, sai doguwar tafiya a wani rami da ba a iya gudu a cikinsa. Sannan suka sanar cewa duk wanda ya cika awa 3 a ranar farko zai samu kyautar babur. Muka bar kwamfutocinmu a kunne, ni da ƙanena, muna hira muna jiran babur. Da muka fito fili muka ga garin, awa 3 da rabi sun wuce. Gidajen ba a shiga, ƙofofin zane ne a jikin bango. Mota ɗaya ce aka maimaita ta a kowane layi, launi kawai ya bambanta. Maƙiyan suna tsaye suna kallon bango, ka harbe su ba sa ko motsi. Ruwan saman nan da na yi magana a kansa, babu shi kwata-kwata. Baburin ma ba mu gani ba har yau.

Ƙanena ya nemi a mayar da kuɗin, aka ce lokacin wasa ya wuce ƙa'ida. Ban ga laifinsu ba, a rubuce take, mu muka zauna jiran babur. Dala 45 ɗina kuwa ba ta ma bi ta shagon ba, balle su mayar da abin da bai shiga hannunsu ba.

Dala 15 ɗin fa? Wannan ita ce nake jin nauyin faɗa. Bayan duk abin da na gani, shugaban nasu ya fito ya ba da haƙuri, ya ce cunkoson jama'a ne ya sa suka rufe rabin abubuwan, ainihin garin yana cikin ƙarin taswirar da za ta zo ƙarshen wata, duk wanda ya biya yanzu rabin kuɗi ne. Na biya. Ina ganin a lokacin ba gem nake saya ba, so nake kada ƙanena ya zama shi ne mai gaskiya. Ko kuma wannan kafin mu nemi mayar da kuɗin ne? Na rikice, rasit zai nuna. Abin da na sani 45 ne, da 25, da 15.

Wani bawan Allah a zauren ne ya fasa ƙwan. Ya ɗora hotuna biyu gefe da gefe: ɗaya daga gem ɗin, ɗaya daga kasuwar da masu gina wasanni ke sayen kayan aiki, irin su Unity Asset Store da Fab. Garin nan gaba ɗaya, da gidan man, da motar da ta kife a bakin gada, taswirar gwaji ce da ke zuwa tare da wani kunshin gine-gine da kowa zai iya saya. Ko kwandon shara ba su matsar ba. Tsarin jakar kaya da na harbi ma wani kunshin ne daban. Sayen irin waɗannan kayan ba laifi ba ne, masu gaskiya da yawa suna amfani da su su gina abin kirki a kai. Waɗannan ba su gina komai ba, manna suna kawai suka yi suka sa farashi. Cikin minti biyar aka goge hoton, aka kori mutumin. Na tambaya ko gaskiya ne, cikin ladabi fa, har da cewa ni mai goyon baya ne tun farko. Wanda ya ce babu mai lura sai ni, shi ya kore ni. Bayan kwana tara zauren ya ɓace, shafinsu ya daina buɗewa, ko sama ko ƙasa.

Wasu za su ce ina masu tantancewa? Da ina ɗauka duk abin da ya hau babban shago an auna ingancinsa. Ba haka abin yake ba. A Steam, daga 2012 akwai Greenlight, inda jama'a ke zaɓen abin da zai shiga. A 2017 aka maye gurbinsa da Steam Direct: ka cike takardu, ka biya dala 100 a kan kowane gem, in cinikinka ya kai dala 1,000 a dawo maka da ita. Ana duba ko gem ɗin yana tashi, ba a duba ko yana da daɗi. A 2023 kaɗai sama da wasanni 14,000 suka fito a can, wa zai buga su duka? Sukan yi shara, kamar a 2017 da aka kwashe wasanni 173 na kamfanin Silicon Echo lokaci guda, amma sai bayan abu ya faru. Kuma ba na cewa a rufe ƙofar, don ta nan ne wasu wasannin da na fi so suka shigo, na mutum ɗaya ko biyu da babu babban kamfanin da zai kalle su. Abin da ke ƙona min rai shi ne da rigar waɗannan bayin Allah aka yaudare ni. “Mu uku ne, da dare muke aiki.” Yanzu duk ƙaramin mai gem da ya faɗi haka da gaske, ni ba zan iya yarda da shi ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Ku lissafa: dala 100 suka sa don hawa shago, da ɗan abin da suka sayi kunshin. Ni kaɗai na mayar musu da 85. Mu nawa ne a zauren nan? Allah ya isa, ban yafe ba.

Shawara, in kuna so: kada ku biya a wajen shago, kada ku biya da kirifto. Ku sa agogo, in awa ɗaya da rabi ta yi ba ku ga ainihin wasan ba, ku rufe ku nemi kuɗinku. Ku buɗe asusun masu yabo. Shi ke nan.

Hotunan zan ɗora su anjima in na rufe sunana da lambar rasit, har da na sabon shafin nasu don ku gane motar da ta kife a bakin gada, tana nan a hoto na biyu. Ƙanena bai ce min komai ba har yanzu, ko “ai na faɗa maka” bai ce ba. Jiya dai ya turo min saƙo: “Yaya, baburin ya iso?”